Kada Ka Leƙa

Ƙarfe biyar na asuba, Nebraska na barci,
ƙanƙara ta binne shingen gona har wuya.
Na kunna fitilar kicin, na kwance naman kafaɗa
wanda Hruska mahauci ya naɗe mini a takarda.
Ya ce, "Orval, wannan yanki ba ya son gaggawa,
da shi saniyar ta ɗauki kanta duk rayuwarta."

Gishiri, masoro, ɗan gari a tafin hannu.
Na soya bayansa a baƙar tukunyar Verna
har ya yi ja kamar laka a gaɓar rafi.
Albasa uku. Karas. Dankali da ɓawonsa.
Ruwa kofi ɗaya, "kada ka nutsar da shi,"
haka ta rubuta a katin da maiƙo ya cinye
tun kafin ciwon ya zo ya zauna mana a gida.
Can ƙasa ta ja layi biyu:
"Rage wuta. Rufe. Kada ka leƙa."

Ni kuwa gwanin leƙe ne.
Shekara shida ina ɗaga murfin zuciyata
in duba ko fushin yana nan. Yana nan.
Eka arba'in ce a bakin kogi,
baba ya rasu bai faɗi ta wa ba ce,
ni da Lyle muka ja, lauyoyi suka sha romo.
Ciki ɗaya ya haife mu, coci ɗaya muke zuwa,
shi a layin hagu, ni a dama,
tsakaninmu hanyar da aka bi da akwatin Verna.

Na bar tukunya tana numfashi, na tafi sujada.
Wa'azin bai shige ni ba, gaskiya,
bututun ɗumama ɗaki na ta ƙwanƙwasa,
jikar wani tana cin maɓallin rigarta.
Da aka miƙo gurasa sai na riƙe ta a hannu,
'yar mitsitsiya, ba ta kai babban yatsa ba.
Na ce, Yesu, na gaji.
Na yi tauri, haƙorin kowa ya kasa ni,
har nawa.
Ba tsawa, ba murya daga rufi.
Kafaɗuna ne kawai suka sauko
kamar an karɓi buhun da na manta ina ɗauke da shi.

A waje motar Lyle ta ƙi tashi.
Yana tsaye, hula a hannu, kansa ya yi fari,
yaushe ya yi fari haka?
Na ja tawa kusa, na fito da wayar batir,
ja da ja, baƙi da baƙi.
Inji ya yi tari sau biyu, ya kama.
Na ce, ina kallon tayarsa,
"Akwai nama a gida. Ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Ƙamshin ya tarye mu tun daga matakala.
Awa bakwai ba wanda ya taɓa murfin.
Na kawo wuƙa, ashe ba ta da aiki,
cokali ya taɓa, naman ya saki kansa,
jijiyar da ta fi tauri ita ta zama romo.
Lyle ya yi addu'a, gajeriya, muryarsa na rawa.
Ya ce karas ɗin ya yi laushi da yawa.
Na ce haka nata ma yake yi.
Ya ce, "Na sani."

Ba mu yi maganar gona ba.
Tana can ƙarƙashin ƙanƙara, ba ta san sunan kowa ba.
Ya ci faranti biyu, ya share da burodi,
na zuba masa saura a kwanon da sai ya dawo da shi.

Yanzu dare ya yi. Tukunya na jiƙe a ruwa.
Ban sani ba ko mun shirya, Ubangiji,
ko tsagaita wuta ce ta yini guda.
Na bar shi a hannunka, a kan wutarka mai sanyi.
Zan kwanta.
Ba zan leƙa ba.